Kwana uku a cikin Grand Canyon: yadda ake zagayen Hermit zuwa Bright Angel da ƙafa

Duk dutsen da ka taɓa hawa, wahalarsa ce ke fara zuwa. Ka hau Dala kana haki, ka sha iska a sama, ka gangaro kana raha. Grand Canyon ya juya wannan lissafi. Mota za ta ajiye ka a sama, a bakin kwazazzabon, ƙafarka garau, gorarka cike, iskar safiya na kaɗawa, sai ka yi ta gangarawa kana cewa ashe abin ba wuya. Sai ƙafa ta yi nauyi, ruwa ya ja baya, rana ta take, a lokacin ne hawan zai ce maka ga ni nan. Ma'aikatan gandun ƙasa da ke kula da wurin suna da wata magana da suke kafawa a alluna: sauka ganin dama ce, fitowa kuwa tilas. Duk shekara sukan ceto mutum sama da 250 daga ciki, kuma da yawansu samari ne majiya ƙarfi.

Kwazazzabon yana arewacin jihar Arizona ta Amurka. Kogin Kolorado ne ya ƙwaƙule shi, tsawon kwazazzabon kilomita 446, zurfinsa ya haura kilomita ɗaya da rabi, kuma tun 1919 aka mayar da shi gandun ƙasa. Yawancin baƙi a baki suke tsayawa, su leƙa, su ɗauki hoto, su koma mota. Wannan jagora ta wanda yake son ya shiga ciki ce, ya kwana, ya fito ta wata ƙofar daban.

Zagayen da nake nufi yana ɓangaren kudu. Ana sauka ta turbar Hermit, a bi turbar Tonto zuwa gabas a kan wani shimfiɗaɗɗen fako da ke rataye tsakanin baki da kogi, sannan a hau ta turbar Bright Angel. Duka-duka kilomita 44 ne ko kusa da haka, yini huɗu da kwana uku. Sunayen wuraren na bar su yadda za ka gan su a allunan hanya, domin su za ka nema da idonka.

Da farko, zaɓi wata

Maris, Afrilu, Oktoba ko Nuwamba. Daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Satumba ka manta da wannan turba.

Na san abin da ɗan Sakkwato ko ɗan Maiduguri zai ce: mu da muka saba da rana, Bature ne zai koya mana zafi? Gaskiya ne a watan Afrilu garuruwanmu sukan haura digiri 40. Amma ka tuna yadda muke yi da wannan rana a gida. Muna shiga inuwa, randa na kusa, ba wanda yake goya kilo 15 ya kama hawan dutse da azahar. A ƙasan kwazazzabon, zafin rana a watan Yuli yakan kai digiri 41 a matsakaici, wasu ranakun ya doshi 49, kuma duwatsun suna riƙe zafin su yi ta mayar maka da shi har bayan magariba. Abin da ke yaudarar mutane shi ne sanyin da ke sama. Bakin kudu yana da tsayin mita 2,100 daga teku, kuma duk mita dubu da ka sauka zafi na ƙaruwa da kusan digiri 10. Kana iya tashi da rigar sanyi da asuba, kafin azahar kana neman inuwar dutse kamar ƙadangare.

A watan Yuli na 2004 wata ɗalibar likitanci mai shekara 24, wadda ta gama tseren gudun fanfalaki na Boston cikin awa uku da 'yan mintuna, ta rasu a wani yanki na wannan turba ta Tonto. Ta shiga da ruwa lita ɗaya da rabi, tana zaton hanyar ta fi haka gajarta. Ƙarfin jiki ba shi ne abin da ta rasa ba.

Daga Yuli zuwa tsakiyar Satumba kuma damina ce irin tasu: hadari ya haɗu da la'asar, tsawa, sai ruwa ya zubo ta busassun ƙoramu ba sallama, ko da inda kake tsaye ba a yi ko yayyafi ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙasan yana da daɗi, amma kilomitocin farko daga sama sukan daskare da ƙanƙara, sai da ƙarafunan da ake ɗaura wa takalmi. Ko a Maris ma ka tambaya kafin ka sauka. Idan watan da ka zaɓa ya faɗo cikin azumi, ɗaga tafiyar.

Takardar izini

Ba a kwana a ƙasan baki sai da izini, kuma izinin yana ɗauke da sunan wurin da za ka kwana kowane dare. Ba ka da ikon canzawa a hanya don ka ga wani wuri ya yi maka kyau. Ana nema ta shafin Recreation.gov, inda ake yin ƙuri'a duk wata, kusan wata biyar kafin watan tafiya. Mai son Oktoba, ke nan, tun tsakiyar Mayu zai fara shiri. Ƙaramar tawaga mutum ɗaya zuwa shida ce, kuma ta fi sauƙin samun gurbi. Kuɗin izini daban, kuɗin shiga gandun daban.

Ka nemi wannan jeri: daren farko a Hermit Creek, na biyu a Monument Creek, na uku a Havasupai Gardens. In ba ka samu Hermit Creek ba, ka wuce Monument Creek kai tsaye ka yi kwana biyu a can. Wanda ƙuri'a ba ta faɗa kansa ba yana iya zuwa ofishin masu shiga daji da ke ƙauyen bakin kudu ya tambayi ragowar gurabe, ana dacewa wani lokaci, amma ban ba wanda ya taso daga nesa shawarar ya dogara da haka ba.

Wasu suna yin zagayen ta ɗaya gefen, su sauka ta Bright Angel su fito ta Hermit, wai don gangaren Hermit yana cin gwiwa. Yana ci ɗin. Amma ni na fi son ranar da na fi gajiya ta same ni a turbar da ake gyarawa, mai famfo da rumfuna da mutane, ba a turbar da in na faɗi sai an yi awoyi kafin wani ya gifta ba.

Ruwa: a nan duk shirin yake

Kada ka tsara wannan tafiya da kilomita. Tsara ta daga ruwa zuwa ruwa, yadda madugan ayari suke lissafin hanya da rijiyoyi. Ga rijiyoyinka, bi da bi.

Santa Maria Spring, kilomita 4 daga sama: ɗan idon ruwa ne da ke tsiyaya cikin kwami, da 'yar rumfar dutse a gefensa. Hermit Creek rafi ne mai gudu duk shekara. Monument Creek ma ba ya ƙafewa, sai dai wani lokaci ruwan yakan nutse cikin yashi a kusa da masauki, sai ka bi ƙoramar ƙasa kaɗan ka same shi ya ɓullo a kan dutse. Kogin Kolorado yana nan, amma in ya yi ja da laka sai ka ɗiba ka bar shi ya kwanta kafin ka tace, in ba haka ba matacinka zai toshe. Duk waɗannan sai an tace ko an tafasa ko an saka ƙwayar tsarkake ruwa. Ka riƙe hanya biyu, mataci da ƙwaya, don mataci yakan lalace.

Daga Monument Creek zuwa Havasupai Gardens kilomita 17 ne, kuma ka ɗauka babu ruwa ko ɗigo. Taswira za ta nuna maka sunaye uku masu daɗin ji. Cedar Spring ba abin dogaro ba ne, sau da yawa danshi ne kawai. Salt Creek sunansa ya faɗi halinsa, ruwan gishiri da ma'adinai ne. Horn Creek kuwa shi ya fi haɗari, domin ruwansa garau yake a ido. A samansa, can a baki, akwai tsohuwar mahaƙar Orphan, inda aka haƙi yuraniyom, irin wanda ake haƙa a Arlit, daga shekarun 1950 zuwa 1969. Ruwan da ke gangarowa ta nan ya gurɓata da shi, mataci ba ya cire wannan, tafasawa ma ba ta cirewa, kuma hukumar gandun ta ce kada a sha sai in rai ne zai salwanta.

Saboda haka ranar nan ka bar Monument Creek da lita 5 zuwa 6 a bayanka, ko da gari ya yi sanyi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, na sani, jakar za ta yi nauyin da za ka tsine mata. Tana raguwa da tafiya.

A Havasupai Gardens akwai famfo. A turbar Bright Angel kuma akwai rumfunan hutu biyu masu famfo, amma ana rufe su a watannin sanyi, kuma tsohon bututun da ke kawo ruwan yana yawan fashewa. An daɗe ana aikin sauya shi, aikin kuma yakan sa a rufe wasu sassan hanya. Kwana ɗaya kafin ka sauka, je ofishin nan ka yi tambaya biyu: wane famfo ne ke aiki, wace hanya ce a rufe. Mai tambaya ba ya ɓata.

Wani abu da mutane ba su cika sani ba: ruwa zalla ma yana kwantar da mutum. In kana gumi kana ta ɗirkar ruwa ba ka cin komai, gishirin jininka zai ragu, ka fara jin tashin zuciya da ciwon kai, kana yawan fitsari fari, daga nan sai ruɗewa. Maganinsa tun kafin ya zo shi ne duk lokacin da ka sha, ka ci wani abu mai gishiri. Ruwan gishiri da sukari da iyayenmu mata suka sani yana aiki a nan: lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida, gishiri rabin ƙaramin cokali. 'Yan fakitin da ake sayarwa a kemis sun fi sauƙin ɗauka.

Jiki, kaya da guzuri

Wata biyu kafin tafiya ka fara hawa da sauka a matakalar bene da jaka a baya, kana ƙara mata nauyi duk mako. Saukar ta fi muhimmanci, ita ce ke kashe cinya. Takalmin da za ka shiga da shi ya zama ka riga ka taka shi sosai. Sabon takalmi a turbar Hermit bororo ne tun kafin azahar. Yanke farcen ƙafa.

Jakar goyo kada ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinka, har da ruwa. A ciki: ƙaramin tanti, jakar barci da shimfiɗa, rigar sanyi, rigar ruwa, malafa, fitilar goshi da batir na ajiya, taswirar takarda da kamfas, ƙaramin murhun gas, filasta da bandeji, da sanduna biyu na dogarawa. Ba a hura wutar itace a ƙasan baki ko kaɗan. Ka tafi da rawani ko mayafin auduga. In ka jiƙa shi a rafi ka naɗa a kai da wuya, ya fi duk wata rigar zamani sanyaya jiki. Waya ba ta samun sabis a ciki, don haka in da hali ka yi hayar 'yar na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam. Ko da ita ko babu, ka bar wa wani amintacce takarda mai ɗauke da inda za ka kwana kowane dare, ranar fitowarka, da lokacin da in bai ji daga gare ka ba zai kira hukumar gandun.

Guzuri irin namu ya dace da wannan hanya fiye da yadda za ka zata. Dabino, wanda ake nomawa a Arizona ɗin kanta, gyaɗa mai gishiri, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da sukari da madarar gari, taliyar 'yan yara don dare, shayi. Kilishi ma ya yi, amma kada ka ɗauko shi daga gida, jami'an kwastan na Amurka ba sa barin nama ya shigo. Ka nemi na halal a can. Ka ɗauki abinci fiye da yadda kake ci a gida, kuma ka ci ko ba ka jin yunwa.

Sai ɓarayin masauki. Ɓeraye da kurege suna huda jaka da tanti cikin dare, hankaki kuwa ya iya zuge zif. Ana sayar da wata jakar ragar ƙarfe a kantunan ƙauyen, duk abin da ke da ƙanshi ka zuba ciki, har man goge baki. Kada ka miƙa wa kurege abinci don ya yi maka kyau a hoto, cizonsa na cikin raunukan da aka fi kai wa asibitin wurin.

Ka iso bakin kwazazzabon kwana ɗaya kafin sauka, jikinka ya saba da tsayin. Daga Flagstaff tafiyar kilomita 130 ce, daga Phoenix kuwa 370.

Yini na farko: Hermit, kilomita 13

Daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Nuwamba ba a barin motocin mutane su bi titin Hermit. Ajiye motarka kusa da ofishin masu shiga daji, ka hau bas ɗin kyauta na layi mai launin ja tun ta farko, ta kai ka ƙarshen titi, kilomita 11, wurin da ake kira Hermits Rest. Ginin dutse ne da Mary Colter ta zana, aka gina a 1914. Cika gorunanka a nan. Turbar tana bayan ginin.

Kamfanin jirgin ƙasa na Santa Fe ne ya gina wannan turba sama da shekara ɗari da suka wuce, don ya kauce wa dala ɗaya da wani Ralph Cameron yake karɓa a kan duk wanda ya bi Bright Angel. Sunan kuma na Louis Boucher ne, mai neman ma'adinai da ya zauna shi kaɗai a wannan yanki har aka yi masa laƙabi da Hermit, wato mai zaman kaɗaici. A kilomitocin farko za ka taka shimfiɗar duwatsun da magina suka jera da hannu, har yau suna nan. Farin dutsen yashin da ke gefenka tsohon tudun rairayin hamada ne da ya daskare, kuma in ka lura za ka ga sawun ƙananan dabbobi a jikinsa, sawun da ya girmi dinosa.

Mararraba biyu za ka tarar kafin Santa Maria, ta Waldron da ta Dripping Springs. Duka biyun ka riƙe dama. A Santa Maria ka zauna, ka ci, ka cika ruwa, domin daga nan babu wani sai masauki.

Abin da ke biye shi ne ya fi cin rai. Turbar za ta daina sauka sosai, ta kama gefen jan dutse tana bin sa kilomita bayan kilomita, tana hawa kaɗan tana sauka kaɗan. A wurare da dama duwatsu sun zubo sun binne ta. In ka iso irin wannan wuri, tsaya. Kada ka sa ƙafa sai ka hango inda turbar ta ci gaba a ɗaya gefen, ko ka ga 'yan duwatsun da matafiya suka ɗora kan juna don alama. Yawancin masu ɓata a nan ƙasa suke zamewa, don ƙafa ta fi son gangare. In ka yi minti biyar ba ka ga sawu ko alama ba, koma inda ka ga ta ƙarshe. Kada ka yanke.

Daga nan sai Cathedral Stairs, matsattsiyar hanya mai murɗe-murɗe da ke ratsa wani bangon dutse mai tsayin kusan mita 150. Tsakuwa ce mai santsi, taka a hankali, sanduna a gaba. In ka fito za ka gangara doguwar gangara zuwa mararrabar Tonto, kilomita 11 daga sama. Hagu Hermit Creek, kusan kilomita 2. Dama Monument Creek. Kafin rafin za ka wuce kufan masaukin baƙi na kamfanin jirgin, wanda aka rufe a 1930. Duba da ido, kada ka ɗauki ko ƙusa.

Ka ba wannan yini awa 6 zuwa 8. Ka sauka mita 1,100, cinyarka za ta yi ta rawa. Tsoma ƙafa a rafi.

Yini na biyu: hutu mai suna tafiya

Kilomita 6 ne kacal zuwa Monument Creek. Koma mararraba, ka miƙe gabas. Za ka gane wurin da dogon ginshiƙin dutse da ke tsaye shi kaɗai a tsakiyar ƙorama. Kafa tanti, ka ɓoye abinci, ka ɗauki ruwa, ka bi ƙoramar ƙasa kilomita biyu da rabi zuwa Granite Rapids, inda kogi ke tafasa a kan duwatsu da rugugin da za ka ji tun kafin ka gan shi. Baƙin dutsen da ya kewaye ka a nan, masana sun ce ya kai shekara biliyan 1.7. Kada ka shiga kogin da sunan wanka. Ruwan daga ƙasan madatsar Glen Canyon yake fitowa, sanyinsa na ɗaure jiki, ƙarfinsa kuma ya fi yadda ido ke gani. In ka ga hadari ko da daga nesa ne, kada ka shiga ƙoramar sam.

Tun da yau akwai sarari, bari mu yi maganar salla. Mun saba cewa a fuskanci gabas, amma daga Arizona alƙibla tana arewa maso gabas, ta ma fi kusa da arewa: kimanin digiri 29 daga arewa ta gaskiya. Rubuta lokutan salla a takarda tun kana sama, domin bango yakan ɓoye rana tun kafin ta faɗi. In kana bakin rafi, ɗebi ruwa ka matsa gefe ka yi alwala, kada sabulu ya taɓa rafin. A busasshen yanki kuwa, in ruwan hannunka na sha ne kuma kana tsoron ƙishirwa, taimama ta halatta, ƙasa da dutse ba su yi ƙaranci ba. Akwai masai a Hermit Creek da Monument Creek. Inda babu, ka yi nisan mita 60 daga ruwa da hanya, ka tona rami mai zurfin santimita 15, ka rufe. Takarda da duk wata shara da kai za su fito.

Da dare ka kakkaɓe takalmi da shimfiɗa, akwai kunama. Akwai kuma maciji mai kacau-kacau a wutsiya, wani irinsa launinsa ja-ja ne kamar dutsen wurin. Ba ya neman faɗa, kada dai ka sa hannu inda idonka bai gani ba. In tsautsayi ya faɗa, babu tsagawa, babu tsotsa, babu ɗaurewa da igiya irin yadda aka saba a ƙauye. A kwantar da mutum, a cire zobe da agogo, a nemi agaji.

Sannan ka kashe fitila ka ɗaga kai. A watan Oktoba Kaza da 'ya'yanta suna fitowa sarai kamar a tsakar gidan kakarka lokacin da babu lantarki.

Yini na uku: Tonto, kilomita 17

Tun daren jiya ka tace ruwanka ka ɗaure kaya. Yi asuba, ka kama hanya da fitila. Fitowa daga Monument Creek hawa ne mai tsini, gara ka gama shi da duhu-duhu.

Daga nan fako ne, ƙananan ƙayoyi, babu bishiya ko ɗaya. A taswira kamar shimfiɗe yake, amma Tonto ba ta san miƙewa ba. Duk ƙoramar da ta gangaro daga baki sai turbar ta shiga can cikinta ta kewayo, ta sauka ta hau. Za ka hango wuri kamar ka jefa dutse ya kai, ka yi awa ɗaya ba ka isa ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma a nan ne mutane suke karaya, su fara sauri, su daina ci. Riƙe taki ɗaya wanda za ka iya magana a cikinsa ba haki. Duk awa ka zauna minti goma, ka ɗora ƙafa kan jaka, ka ci, ka sha.

Alamominka: Cedar Spring bayan kilomita 2, Salt Creek bayan 5 da rabi, Horn Creek bayan 13. Inuwa tana cikin ƙoramun nan ne kawai. In rana ta yi zafi fiye da zato, ka laɓe a ɗaya daga cikinsu daga ƙarfe 10 har la'asar, ka ƙarasa da yamma. Isa da fitila ba abin kunya ba ne.

Ku riƙa duban juna. Wanda ya yi fari, yana gumi, yana jin jiri da ɗaurewar tsoka, zafi ne ya fara cin sa: inuwa, ruwa, abinci mai gishiri, hutun awa guda. Wanda ya fara magana ba kan gado, yana tangaɗi, jikinsa ya yi zafi rau, wannan rai ake nema. A kai shi inuwa, a jiƙa shi, a yi masa fifita, a aika saƙon agaji nan take. Kada a bar shi shi kaɗai, kuma kada tawaga ta rabu don wani ya fi wani sauri. Jirgi mai saukar ungulu ba ya tashi a kowane yanayi, ba kuma ya zuwa don gajiya.

Kilomita 4 bayan Horn Creek za ka hango kore: dogayen bishiyoyi, rafi, famfo. Havasupai Gardens ke nan. Mutanen Havasupai sun yi noma a nan tun kaka da kakanni har aka tashe su a shekarun 1920. An daɗe ana kiran wurin da wani suna, sai a 2022 aka mayar masa da nasu bisa buƙatarsu. Akwai jami'in gandu, da akwatunan ƙarfe na ajiye abinci.

Yini na huɗu: fitowa

Kilomita 7 da 'yan kai, hawan mita 930. Inda ka kwana tsayinsa kusan ɗaya da Jos, inda za ka je kuwa ya kusa kai ƙololuwar Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a Najeriya, don haka numfashi zai riƙa gajarta kana hawa. Ka'idar wurin ita ce hawa yana cin ninki biyu na lokacin sauka. Ba kanka awa 4 zuwa 6, ka tashi da asuba.

Raba hanyar uku da rumfunan nan biyu, kada ka yi tunanin baki sai ka wuce ta biyu. Kashi na farko yana farawa a hankali, sannan ya shiga murɗe-murɗen da ake kira Jacob's Ladder. Ƙananan taku, ba tsayawa kowane minti ba. Idan ayarin alfadarai ya taho, hanya tasu ce: matsa ta gefen bango, ba ta gefen rami ba, ka tsaya cik, ka bi abin da mai jan su ya ce har na ƙarshe ya wuce. Tsakanin mutane kuwa, mai hawa ake ba hanya. In ka ga wata ƙatuwar ungulu mai lamba a fiffike tana shawagi, kondo ce ta Kalifoniya, faɗin fikafikanta ya kusa mita 3, kuma saura ƙiris ta ƙare a duniya kafin a farfaɗo da ita.

Ramuka biyu aka huda a dutse kusa da sama. In ka ratsa na biyu, ka fara haɗuwa da masu silifas da kofin shayi a hannu, ka iso. Tashar bas ɗin da ka hau ranar farko tana nan kusa da inda ka ɓullo. Kafin wanka, kafin abinci, kira wanda ka bar wa takarda ka ce masa ka fito, kada ya tayar da jami'ai a banza. Kuma kada ka kama doguwar tuƙi a ranar. Nemi ɗaki a ƙauyen ko a Tusayan da ke bakin ƙofar gandun, ka kwana, domin gobe da safe ko matakala uku sai ka riƙe bango kafin ka sauka.